Rigar Gasar Rawar Ailan: Watanni Ana Ɗinki, Mintuna Ana Rawa

Duk shekara idan bikin Ista ya gabato, dubban 'yan rawa daga Ailan, Birtaniya, Amurka, Kanada, Ostireliya da wasu ƙasashe kan hallara a birni guda domin gasar duniya ta rawar gargajiyar Ailan, wadda masu ita ke kira Oireachtas Rince na Cruinne. A Dablin aka fara ta a 1970, daga baya ta zaga birane irin su Belfast, Glasgow, Landan, Boston da Montreal. Baƙon da ya shiga zauren gasar, kafin kunnensa ya saba da rugugin takalma a kan katako, idonsa ne zai fara ƙoshi. Ga yara mata da 'yan mata nan jere, kowacce cikin gajeriyar riga mai dogon hannu, an cika ƙirjinta da aikin zare, an bi ta da duwatsu masu walƙiya. Da wuya ka ga biyu iri ɗaya.

Kowace riga a cikinsu labarinta ya faro watanni kafin ranar. An yi shawara da malamar rawa, an kama layi wajen mai ɗinki, an biya kafin alƙalami, an yi awo an sake yi, sannan an zauna zaman jira. Duk wannan ɗawainiya kuwa saboda rawar da kowane zagayenta bai wuce minti ɗaya zuwa biyu ba.

Abin da ya ba riga wannan matsayi

Mai rawar Ailan a fagen gasa, in ba rawar rukuni ba ce, ba ta motsa hannu. Hannuwa na manne da gefen jiki, kafaɗu a buɗe, baya a miƙe, kai a ɗage. Daga ƙugu zuwa ƙasa ake duk aikin. Akwai rawar takalmi mai laushi, inda ake tsalle da shawagi, akwai kuma ta takalmi mai tauri, wanda aka sa wa baki da dunduniya masu ƙara, inda bugun ƙafa ke bin kiɗa daki-daki. Tunda rabin jiki na sama a tsaye yake ƙyam, rigar da ke kansa ba ta da inda za ta ɓoye aibinta. In kafaɗar riga ta karkace, sai a ga kamar mai rawar ce ta karkace. In hannun riga ya yi tattara, sai a zaci ta lanƙwasa gwiwar hannu.

Ga kuma cunkoso. A manyan gasa mutum biyu ko uku ake hawar da su dandamali lokaci guda, kiɗa ɗaya, amma kowa da takun makarantarsa, kuma rukunin shekaru guda na 'yan mata kan ɗauki 'yan takara fiye da ɗari. Alƙalai na zaune a gaba suna duba bin kiɗa, tsayuwar jiki, juya ƙafa waje, giciyen gwiwoyi da tsaftar taku. Babu wani maki da aka ware wa tsadar riga. Sai dai iyaye da malamai sun san alƙali mutum ne, ido biyu gare shi, kuma wadda idonsa ya fara sauka a kanta ita ta fara samun damar nuna abin da ta iya. Nan ne tseren ado ya samo tushe.

Daga kayan Lahadi zuwa duwatsu

A 1893, lokacin Ailan na ƙarƙashin mulkin Birtaniya, aka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge domin raya harshen ƙasar da ke neman gushewa. Ƙungiyar ta haɗa da kiɗa da rawa a wannan aiki, ta riƙa shirya bukukuwan gasa da ake kira feis, sunan da har yau yawancin gasannin rawar ke amsawa. Ita ce kuma ta haifi hukumar An Coimisiún le Rincí Gaelacha, wadda ta kama aiki gadan-gadan a 1930, kuma a yau ita ce mafi girma cikin hukumomin da ke kula da rawar. Ita ke ba malamai da alƙalai takardar shaida, ita ke kafa dokoki, har da na sutura.

'Yan rawan farko ba su da wata riga ta musamman. Kayan da suka fi kyau a akwati, na zuwa coci ranar Lahadi, su ake sawa, a maƙala lambobin yabon da aka ci a ƙirji. Sannu a hankali kishin ƙasa ya shiga cikin ɗinkin. Aka fi son kore da fari da ruwan ɗorawa. Aka ƙara ɗan mayafi da ke sauka daga kafaɗa zuwa baya, ana ɗaure shi da fil na ado da aka kwaikwayo daga Tara Brooch, wani tsohon kayan ado na wajen ƙarni na 8 da aka tsinta a 1850, wanda yanzu yake gidan tarihin ƙasa a Dablin. Zanen da ake yi wa rigunan kuwa an ɗebo shi daga Book of Kells, littafin Linjila da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800, wanda ke ajiye a Kwalejin Trinity: igiyoyi sarƙe da juna ba farko ba ƙarshe, tsuntsaye da dabbobi naɗe da jelarsu. Wuya da bakin hannu sukan sha farin leshi na kwarashi. Maza suka ɗauki kilt, wato siket mai ninki-ninki, da kwat a sama. Masanin tarihin rawar, John Cullinane na birnin Cork, ya bi sawun waɗannan sauye-sauye har ya rubuta littafi guda a kansu.

Zuwa shekarun 1980 rigar ta zama ta karammiski mai nauyi, an cika ta da aiki, an ƙarfafa siket ɗinta har yana tsayawa da kansa. Sai ga daren 30 ga Afrilu, 1994. A tsakiyar gasar waƙa ta Eurovision a Dablin, Jean Butler da Michael Flatley suka jagoranci wata rawa ta kusan minti bakwai mai suna Riverdance, miliyoyin mutane suna kallo a talabijin. Makarantun rawar suka cika maƙil, aka buɗe sababbi har a ƙasashe irin su Jamus, Rasha, Japan da Meziko. Maza suka ajiye kilt suka koma baƙin wando. Butler dai da 'yar baƙar riga marar hayaniya ta fito a daren nan, amma a fagen gasa, da 'yan takara suka ninku, buƙatar fita daban ita ma ta ninku. Launuka masu ɗaukar ido suka shigo, sai yadi masu ƙyalli, sai hular gashi mai murɗe-murɗe, sai duwatsu. Siket ya gajarce ya yi laushi, nauyin riga ya ragu, domin tsallen da ake yi yanzu ya fi na da tsawo da yawa.

Sai malama ta ce lokaci ya yi

Ba kuɗi ne kaɗai ke sa yarinya ta mallaki rigar kanta ba. Mai koyo takan fara gasa da siket da 'yar riga, daga nan ta samu rigar makaranta, wadda duk ɗaliban makarantar ke sawa iri ɗaya, da launi da zane na gidan. Da ita ake rawar rukuni ta mutum huɗu ko takwas. Rigar kai, wadda ba wanda ke da irinta, sai an hau matakai an kai inda malama ta gamsu. A makarantu da yawa wannan rana babbar rana ce, kamar samun lambar yabo, kuma uwar da ta yi gaggawar sayen riga ba da sanin malama ba takan koma gida da ita a jaka.

Shawarar malama ba ta tsaya nan ba. Ita ta san yadda ɗalibarta ke tsayawa, inda take da ƙarfi da inda take da rauni. Yarinya mai zubewar kafaɗa tana buƙatar zanen da zai buɗe ƙirji. Gajeriya tana buƙatar layukan da ke tafiya a tsaye. Mai kyan ƙafa ba a so siket ya rufe mata gwiwa. Malama ta kuma san rigunan sauran ɗalibanta da na abokan karawarsu, don kada biyu su hau dandamali da launi ɗaya. Saboda haka yawancin iyaye ba sa aika wa mai ɗinki komai sai malama ta gani.

Kama layi

Masu ɗinkin wannan riga ba su da yawa. Fitattunsu suna Ailan da Birtaniya, wasu kuma a Amurka da Ostireliya, kuma da dama cikinsu tsofaffin 'yan rawa ne, kamar Gavin Doherty na Belfast, wanda sunansa ya zaga duniyar rawar. Akwai kuma mata da yawa masu aiki su kaɗai a ɗaki guda a gidajensu, waɗanda ba sa fitar da riguna da yawa a shekara amma sun fi samun lokacin sauraron mai saye.

Kalandar gasa ita ke juya kasuwar. A Arewacin Amurka gasar yankuna na zuwa a watan Nuwamba, babbar gasar nahiyar a farkon Yuli, sannan ga gasar duniya a lokacin Ista. Wanda ya san halin da shagon tela ke ciki a goman ƙarshe na azumi zai gane yadda waɗannan masu ɗinki suke a makonnin da suka rage kafin kowacce. Don haka ba yadi ake fara saye ba, gurbi ake fara saye. Mai saye zai rubuto watanni kafin lokaci, ya faɗi ranar gasar, a ba shi makon da za a yi masa aiki, ya biya kafin alƙalami wanda galibi ba a mayarwa. Mai hikima kan nemi rigar ta iso makonni kafin gasar, domin a samu sararin gyara. Wanda ke wata ƙasa kuma sai ya lissafa kuɗin aike da na kwastan tun farko.

Bayan gurbi sai bayani. Mai ɗinki zai tambayi shekarun yarinyar, matakinta, launin gashinta da na fatarta, launukan da take so da waɗanda ba ta ƙauna, ko tana son zanen gargajiya na igiyoyi ko furanni ko layuka masu kusurwa. Zai nemi hotonta a tsaye irin tsayuwar rawa. A nan masu ɗinki suka rabu gida biyu. Wasu sukan zana su aiko, a duba a gyara sau ɗaya ko biyu. Wasu, musamman manyan, sukan ce a faɗa musu abin da ake so da wanda ba a so, sauran a bar musu. Ba za a ga rigar ba sai ta kammala. Wajibi ne mai saye ya san wane iri yake hulɗa da shi kafin ya biya, domin yawancin ɓacin ran da ake samu daga nan yake tasowa.

Abu ɗaya da ba a yi shi ne a ɗauki hoton rigar wata a ce a ɗinka irinta sak. Zane mallakar wanda ya zana ne, kuma rigar kai darajarta tana cikin kasancewarta guda. Za a iya nuna riguna uku ko huɗu a ce wuyan wannan ya yi, launin waccan ya yi, mai ɗinki ya fahimci inda zuciya ta karkata ya fito da nasa.

Awo

Mafi yawan masu saye ba za su taɓa haɗuwa da mai ɗinkin ido da ido ba. Riga za ta tsallake teku bisa lambobin da uwa ta rubuta a takarda, don haka awo shi ne ƙashin bayan al'amarin duka. Ana auna ƙirji, ƙugu, saman kwankwaso, faɗin baya, faɗin gaba, kafaɗa, zagayen wuya, kaurin damtse, tsawon hannu, daga ƙeya zuwa ƙugu, da daga kafaɗa zuwa inda siket zai tsaya. Kowane mai ɗinki da tasa takardar awon da nasa bayanin inda za a aza tef, kuma ba a ɗauko awon wani a kai wa wani.

Sirrin yana cikin tsayuwa. Dole yarinyar ta tsaya kamar tana kan dandamali, kafaɗu baya, ƙirji a buɗe, cikin irin kayan cikin da za ta sa ranar gasa. In aka auna ta a sake, bayan rigar zai yi faɗi, gaban ya matse, ranar da ta miƙe tsaye sai yadi ya taru a bayanta. Ƙwararru kan ce a auna sau biyu, in da hali mutum biyu daban su auna, kuma kada uwa ta ƙara ko ta rage komai da nufin taimako. Barin sarari aikin mai ɗinki ne.

Sai kuma matsalar da ba ta da magani, wato girma. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya na iya ƙara tsawo tsakanin ranar kama gurbi da ranar ɗinki. Shi ya sa ake karɓar awon ƙarshe dab da fara aiki, kuma ake barin yadi a ɓoye cikin ɗinkin ƙugu da gefuna da bakin hannu, yadda za a iya sakewa daga baya. Tambayar nawa aka bari tana cikin tambayoyin da suka fi amfani, ga mai riga da kuma wanda zai gaje ta.

A ɗakin aiki

Zanen da aka yi a takarda akan shigar da shi kwamfuta, a tsara wa injin aiki inda kowace allura za ta faɗa, da wane zare, da wane kauri. Ana yin aikin ne a kan yadi shimfiɗe kafin a yanke. Inda ake son wani launi sai a ɗora wani yadi daban, satin ko leshi ko mai ƙyalli, a bi gefensa da zare. Jikin riga yawanci karammiski ne ko yadi mai ɗan talewa, a ciki a yi masa shafi na auduga saboda gumi, a sa dogon zif a baya. Siket akan ƙarfafa shi daidai yadda zai tashi idan an yi tsalle ya koma mazauninsa. Mayafin nan na kakanni yana nan, sai dai ya ƙanƙance ya zama wani ɗan ado a baya.

Duwatsu su ne aikin ƙarshe, kuma da hannu ake manna su da gam, ɗaya bayan ɗaya, daga ɗaruruwa zuwa dubbai. Sunayen da aka fi sani su ne Swarovski na Ostiriya da Preciosa na ƙasar Cek. Iyaye da yawa kan karɓi riga da duwatsu kaɗan su ƙarasa da kansu a gida domin rage kuɗi. Maza ma ba a bar su a baya ba: falmaran ko kwat ɗinsu yanzu yana shan aiki da duwatsu, ko da yake farashinsa bai kai na mata ba.

Ranar da kwalin ya iso, gwaji a gaban madubi bai isa ba. Sai an sa takalmi an yi rawar daga farko har ƙarshe. Wuya bai shaƙe ba? Numfashi na fita? Hannu ya kai wuyan hannu idan an miƙe? Siket na barin a ga gwiwoyi? Akwai dutsen da ke neman faɗuwa, wanda wata za ta iya takawa ta zame? Bayan haka sai kula: ba a jefa irin wannan riga a injin wanki. Shanya ta ake yi a inuwa, a goge tabo da hannu, a ajiye ta a jakarta ta musamman, kuma ba a cin abinci da ita sai an rufe ta.

Doka da kuɗi

Hukumar rawar tana da iyakokin da mai ɗinki ba zai tsallake ba. Wuyan riga ba ya sauka ƙasa da ƙashin wuya, dole a rufe gaba da baya da gefuna, tsawon siket ya dace da kamun kai, a kuma sa wandon ciki mai rufewa. A 2014 hukumar ta hana yi wa yara 'yan ƙasa da shekara goma kwalliyar fuska da gashin ido na kanti, bayan shekaru ana ƙorafin cewa an mai da ƙananan yara manyan mata.

Abin da doka ba ta taɓa ba shi ne farashi. Sabuwar riga daga fitaccen mai ɗinki takan kai Yuro 2,000, wani lokaci ta zarce. Ga hular gashi, ga takalma iri biyu, ga farar safa, ga kuɗin makaranta, kuɗin shiga gasa, jirgi da masauki. Rigar kuma ba ta daɗewa: ko yarinya ta girme ta cikin shekara ɗaya ko biyu, ko yayi ya wuce ta. Fim ɗin Jig na 2011, wanda Sue Bourne ta ɗauka a gasar duniya ta 2010 a Glasgow, ya nuna wa duniya irin sadaukarwar da iyalai masu ƙaramin ƙarfi ke yi a kan wannan rawa, wadda ba ta da wata kyautar kuɗi ta a zo a gani.

Kasuwar gwanjo ce ke riƙe da yawancin iyalai. A wuraren gasa akan ware wuri a rataye rigunan sayarwa, ga kuma zaurukan Facebook inda ake ciniki tsakanin nahiya da nahiya. Riga ɗaya kan ratsa hannun yara uku ko huɗu, kuɗinta na sauka a kowane hannu. Mai sayen ta hannu yana da wata riba da mai yin oda ba shi da ita: yana ganin abin da zai saya. Abin da ya rage masa shi ne ya tambayi awo filla-filla, ya tambayi yadin da ya rage na sakewa, ya nemi hoton hammata da wuya inda tabo ke ɓuya.

Akwai kuma waɗanda suka zaɓi wata hanya tun tuni. A Ailan ta Arewa, salon da ake kira festival, wanda ake dangantawa da malama Patricia Mulholland ta Belfast, ya riƙe riga mai sauƙi da gashin mutum na kansa. A 'yan shekarun nan ma wasu masu shirya gasa kan sa ranar da kowa zai hau dandamali da baƙaƙen kaya marasa ado, ba hular gashi, ba duwatsu. A irin wannan rana alƙalai ba su kasa tantance gwani ba.

Wannan darasi ne da ya kamata a riƙe. Ɗinkin rigar gasa sana'a ce ta gaske, mai buƙatar ido da haƙuri da sanin jikin mai rawa, kuma masu yin ta sun cancanci ladan guminsu. Yarinyar da ta yi shekaru tana atisaye har malama ta ce lokacinta ya yi, ita ma ta cancanci farin cikin rigar da aka yi dominta. Amma an raya rawar nan ne don ta zama ta kowa, kuma duk lokacin da wata mai baiwa ta janye saboda iyayenta ba su iya sayen riga ba, rawar ce ta yi asara. Malamai na da ikon jinkirta rigar kai har sai ta zama dole, su ƙarfafa aro da gado tsakanin ɗalibansu. Hukumomi na da ikon yawaita gasar baƙaƙen kaya, musamman ga ƙanana. Iyaye kuma, idan kuɗin bai isa komai da komai ba, su fara da takalmi mai kyau da darasi mai kyau, sannan riga wadda ta zauna a jiki daidai, ko sabuwa ce ko ta hannu.